Cinikin Ƙamshin Banila: Yadda Ƙwayoyin Halitta Suka Shiga Tsakanin Manomi da Masana'anta

Duk mai gidan burodi ko mai yin biskit, askirim da yogot a ƙasar nan ya san ƙamshin banila, amma kaɗan ne suka san cewa abin da ke cikin kwalbar da suke saye bai taɓa kusantar gona ba. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 na sinadarin banilin da duniya ke amfani da shi ne ke fitowa daga tsiron banila. Ragowar duk a masana'anta ake haɗa shi, akasari daga wani sinadari mai suna gwayakol da ake samu daga man fetur, sai kuma wani kaso daga ɓarɓashin itacen da ake yin takarda da shi, wanda kamfanin Borregaard na ƙasar Norway ya shahara a kai.

Banilin na cikin dangin sinadaran da masana ke kira aldehaid. Daga wannan dangi ne ƙamshin kirfa yake, haka kuma ƙamshin ɓawon lemo da na ɗanyar ciyawa idan an yanke ta. Banilin kuwa na cikin waɗanda aka fi cinikinsu, saboda haka a kansa ne aka fi gwada sabuwar hanyar samar da ƙamshi ta amfani da yisti da bakteriya.

Dalilin tsadar banila na gona a bayyane yake. Asalin tsiron daga ƙasar Meziko ne, kuma a wuraren da aka kai shi babu ƙwarin da ke yi wa furensa barbara, don haka da hannu ake yi, fure bayan fure, bisa dabarar da wani yaro bawa mai suna Edmond Albius ya gano a tsibirin Riyuniyon a shekarar 1841. Bayan an yi girbi, sai a kwashe watanni ana shanya kwanson ana adana shi kafin ƙamshin ya fito, kuma banilin da ke cikin busasshen kwanso bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba. Ma'ana, sai an tara kilo 50 kafin a samu kilo guda. A lokacin da guguwar Enawo ta afka wa arewa maso gabashin Madagaska a watan Maris na 2017, inda ake noma mafi yawan banilar duniya, farashin kilo ya kai kusan dala 600. A wannan farashi, kilo guda na banilin daga gona ya tasam ma dala 30,000, alhali na masana'anta bai cika wuce dala 20 ba.

Tun a shekarar 1874 ne wasu Jamusawa biyu, Ferdinand Tiemann da Wilhelm Haarmann, suka haɗa banilin ba tare da tsiron ba, kuma kamfanin da ya samo asali daga aikin nasu shi ne yanzu ya zama Symrise. To, idan na masana'anta yana da arha haka, me ya sa ake neman hanya ta uku? Amsar tana cikin doka. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1334 ta shekarar 2008 ta amince a kira sinadarin ƙamshi "na halitta" muddin an samo shi daga tsiro, dabba ko ƙwayar halitta ta hanyar tsimawa ko aikin enzayim. Na man fetur ba shi da wannan dama, duk da cewa a ɗakin gwaji sinadarin iri ɗaya ne. A shekarar 2015 manyan kamfanonin cakulan irin su Nestlé da Hershey suka bayyana aniyar cire ƙamshin roba daga wasu kayansu a Amurka, lamarin da ya ƙara wa wannan kalma guda daraja a kasuwa.

Hanyar da ta fi kafuwa ita ce ta dusar shinkafa. Idan an tatsi mai daga dusar, ana samun wani sinadari mai suna ferulik, wanda ake ciyar da wasu bakteriyar ƙasa da shi a cikin manyan tankuna, su kuma su mayar da shi banilin. Aikin bai yi nisa da yadda kalwa ke zama daddawa ba, sai dai a nan ana auna zafi, iska da tsami a kowane lokaci. Kamfanin Rhodia na Faransa ya fito da irin wannan banilin kasuwa, daga baya Solvay ta saye shi a 2011, kuma a ƙarshen 2023 sashen ya koma hannun Syensqo.

Akwai matsala guda da ta daɗe tana hana cinikin faɗaɗa. Aldehaid guba ne ga ƙwayoyin da ke samar da shi, saboda haka da zarar ya fara taruwa a tanki sai su juya shi zuwa wani sinadarin da ba shi da ƙamshin da ake nema, ko kuma su mutu. Abin da ake samu a kowace lita kaɗan ne, kuɗin tacewa kuma da yawa. Kamfanin Evolva na Switzalan ya ɓullo da dabarar sa yistin da aka sauya wa ƙwayoyin gado ya ɗaura wa banilin sukari don rage dafinsa, a cire sukarin daga baya, kuma tare da kamfanin IFF na Amurka ya kai hajarsa kasuwa a 2014. Ƙungiyoyin kare muhalli sun yi ca a kansa, suna masu cewa zai kashe kasuwar manoman Madagaska. Hakan bai faru ba, kuma Evolva ɗin ma ya sayar da harkokinsa ga rukunin Lallemand a ƙarshen 2023. Abin da ya karya farashin banilar gona daga baya shi ne yawan da manoma suka shuka a lokacin tsada, har gwamnatin Madagaska ta janye ƙa'idar dala 250 da ta kafa a matsayin mafi ƙarancin farashin fitarwa.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya, batun yana da fuska biyu. Ta farko ita ce ta mai shigo da kaya. Bambancin farashi tsakanin nau'o'in uku ya sa algus ya yi yawa, kuma hanci ba ya bambance su. Sai an yi gwajin nau'in sinadarin kabon da ke ciki kafin a san ko daga man fetur ne. Wanda ke shirin fitar da biskit ko alewa zuwa Turai da alamar "na halitta" ya wajaba ya nemi takardar shaidar asalin ƙamshin daga dillalinsa, domin rajistar hukumar NAFDAC ba za ta wadatar da mai saye a can ba.

Ta biyu ita ce ta masu injinan casar shinkafa a Kano, Kebbi da Jigawa, waɗanda ke sayar da dusa a matsayin abincin dabbobi. Maganar kafa masana'antar banilin a nan ta yi wuri, ganin cewa tankunan tsimi ba sa jure ɗaukewar wutar lantarki, kuma manyan kamfanonin Turai da na Sin sun riga sun mamaye kasuwar. Matakin da ya fi kusa shi ne tatsar mai daga dusar, wanda ake girki da shi, kuma daga ragowarsa ne ake samun ferulik. Sharaɗin dai shi ne a turara dusar ko a gasa ta jim kaɗan bayan casa, domin idan aka bar ta a buhu na 'yan kwanaki man da ke cikinta zai lalace.