Husufin Taurari: Yadda Ake Auna Tagwaye da Haskensu

Ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, da hantsi, wata ya shiga tsakanin rana da ƙasa, inuwarsa ta ratsa Najeriya ta nufi Nijar. A Gusau da Katsina rana ta rufe ruf na ɗan lokaci. A Zariya kuwa siririn gefenta ne ya rage, gari ya yi duhu-duhu, aka yi ta sallar kisfewa a masallatai. Irin wannan rana sai an shekara da shekaru kafin a sake ganinta a gari guda.

Amma akwai wani husufin da ke aukuwa duk bayan kwana uku ba kaɗan, wanda ake iya gani da ido daga tsakar gida a unguwar Muchiya ko Samaru a Zariya, ba tare da wata na'ura ba. Ba rana ko wata ya shafa ba. Wani tauraro ne yake gittawa ta gaban ɗan'uwansa, a wuri mai nisan da haske kan shafe kimanin shekara 90 kafin ya iso nan.

Algol a saman Zazzau

Sunan tauraron Algol. Daga ƙarshen damina zuwa ƙarshen hunturu yana bayyana da dare a sashen arewa na sama. A watan Disamba, wajen ƙarfe 10 na dare, yakan kai ƙololuwar hawansa, kusan kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakanin gindin sama da tsakar ka. Mai nemansa ya fara gano Kaza da 'Ya'yanta, ya miƙa hannu, ya auna kimanin taƙi ɗaya zuwa arewa, ya ɗan karkata yamma. Zai tarar da farin tauraro mai haske sosai.

Yawancin lokaci haskensa a tsaye yake. Sai can ya soma dushewa a hankali, cikin awa biyar ya koma ƙasa da sulusin yadda yake, sannan ya ɗauki wata awa biyar yana farfaɗowa. Haka yake maimaitawa duk kwana 2 da awa 20 da minti 49. Idan ya kai ƙarshen dushewa ranar Litinin da ƙarfe 11 na dare, zai sake kaiwa ranar Alhamis da ƙarfe 7:49, wajen sallar Isha'i, na gaba kuma ya faɗo ranar Lahadi da la'asar, rana na sama, ba mai ganinsa a Zariya.

Masana taurari suna da ma'aunin haske da suka gada tun zamanin Girkawa, wanda Norman Pogson na Ingila ya daidaita a 1856. A wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, kuma tazarar mataki biyar daidai take da ninki 100. Algol yana zaune a mataki 2.1, idan ya dushe ya sauka zuwa 3.4.

Saurayin da ya kwana yana kallo

Wani masani ɗan Italiya, Geminiano Montanari, ya lura da sauyin hasken Algol a 1667, amma bai gano cewa abin yana da ƙa'ida ba. Wanda ya gano haka shi ne John Goodricke na birnin York a Ingila, saurayi kurma ɗan shekara 18. Daga Nuwamban 1782 ya riƙa bibiyar tauraron dare bayan dare, shi da maƙwabcinsa Edward Pigott, yana kwatanta shi da taurarin da ke kusa, yana rubuta lokaci. A 1783 ya kai wa ƙungiyar masana ta Royal Society sakamakonsa: dushewar tana dawowa a kan kari, kuma mai yiwuwa wani babban abu ne yake zagaya tauraron yana tare haskensa. Aka ba shi lambar yabo ta Copley a wannan shekarar. Ya rasu a 1786 yana da shekara 21.

Sai da aka haura shekara ɗari kafin a tabbatar da hasashensa. A 1889, Hermann Carl Vogel na Potsdam a Jamus ya tarwatsa hasken Algol zuwa launukansa, ya ga layukan da ke ciki suna gusawa wajen shuɗi, su koma wajen ja, daidai da wannan lokaci na kusan kwana uku. Wannan gusawa alama ce ta cewa tauraron yana tahowa, yana komawa, wato yana kewaya wani abokin zama.

Abin da zanen haske ke faɗa

Yadda aikin yake shi ne: a auna hasken tauraro sau da yawa, a jera sakamakon a takarda, lokaci a kwance, haske a tsaye. Layin da ya fito shi ake kira zanen haske. Na Algol miƙaƙƙe ne mai rami biyu, ɗaya mai zurfi, ɗaya kuma ɗan lotsawa ne kawai a tsakiyar zagaye.

A ɗauka an hango mutum biyu daga nesa cikin dare suna zagaya juna a fili: ƙato mai babbar riga riƙe da aci-bal-bal, da yaro riƙe da cocilan mai ƙarfi. Saboda nisa, hasken nasu ya haɗe ya zama ɗigo ɗaya. Idan ƙaton ya gitta ta gaban yaron, haske zai faɗi warwas. Idan yaron ne ya gitta ta gaban ƙaton, abin da za a rasa kaɗan ne. Haka tagwayen Algol suke: ɗaya fari ne mai zafin da ya haura digiri 12,000, ɗayan ya fi shi faɗi amma zafinsa bai kai digiri 5,000 ba.

Kowane ɓangare na zanen yana da labarin da yake bayarwa. Tazarar da ke tsakanin manyan ramuka biyu ita ce tsawon zagaye. Daɗewar husufin tana nuna girman taurarin idan an gwada da faɗin hanyar da suke bi. Bambancin zurfin ramukan yana nuna bambancin zafinsu. Idan gindin rami shimfiɗaɗɗe ne, to ɗaya ya shige gaba ɗaya a bayan ɗayan ko a gabansa. Idan kuma tsukakke ne kamar na Algol, rufewar ba ta cika ba, domin hanyar tasu ta ɗan karkace daga saitin idon mai kallo. Henry Norris Russell da Harlow Shapley na Jami'ar Princeton ne suka shimfiɗa lissafin wannan karatu a 1912.

Ƙaramin ramin nan ido ba ya kama shi. Joel Stebbins na Jami'ar Illinois a Amurka ne ya fito da shi a 1910, da wata 'yar na'ura ta sinadarin seleniyam mai sauya yadda take wuce da lantarki idan haske ya taɓa ta. Yakan lulluɓe ta da ƙanƙara don ta nutsu. Da ita ya ga raguwar da ba ta wuce kashi 6 cikin 100 ba, kuma daga nan lantarki ya soma karɓar aikin awon haske daga hannun ido.

Idan aka haɗa zanen haske da gudun taurarin da launukansu suka nuna, sai lissafin Newton ya ba da nauyi da faɗi kai tsaye. Mai hasken ya ninka rana nauyi fiye da sau 3, dusasshen kuwa kusan kashi 70 cikin 100 na nauyinta ne, kuma tsakaninsu bai kai kilomita miliyan 10 ba. Akwai ma na uku da ke kewaya su duk kwana 680. Awon ya kuma tono wani abin mamaki. A ƙa'ida tauraro mai nauyi shi ke rigan tsufa, amma a Algol marar nauyin ne ya tsufa ya kumbura. Dalili kuwa shi ne a da shi ne babba. Da ya kumbura sai ɗan'uwansa ya zuƙe mafi yawan iskar jikinsa.

Hazo da dabarar kwatance

Mai son gwada wannan awo a Zariya zai ci karo da abu biyu: fitilun gari da hazon hunturu. A Muchiya da sauran unguwannin Sabon Gari hasken shaguna da na motoci kan disashe sama, shi ya sa gonakin bayan Samaru, hanyar Shika, ko gefen Dutsen Kufena suka fi dacewa. Hazo kuwa, wanda iska ke ɗebo mafi yawansa daga kwarin Bodele na Chadi, yakan rage hasken kowane tauraro, har mutum ya zaci husufi ne alhali ƙura ce. Dararen Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta yi kauri, sun fi tsabta.

Maganin hazo shi ne dabarar da Goodricke ya bi: kada a auna tauraro shi kaɗai. A gwada shi da maƙwabtan da haskensu ba ya sauyawa, domin ƙurar da ta rufe shi ta rufe su. Yamma da Algol akwai Almach, mai mataki 2.1, gabas da shi akwai Epsilon Persei, mai 2.9, kusa da shi ta arewa akwai Kappa Persei, mai 3.8. Duk minti 20 mai kallo ya duba wanda Algol ya fi kama da shi, ya rubuta lamba da lokaci. A dare ɗaya zai fitar da rabin ramin da hannunsa. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello da ke da kyamara da abin kafa ta zai iya yin abin da ya fi haka daidai, kuma ƙungiyar AAVSO, wadda aka kafa a Amurka a 1911, tana karɓar irin waɗannan awo daga masu sha'awa a ko'ina cikin duniya.

Inda aikin ya kai

Na'urar Kepler da hukumar NASA ta harba a 2009 ta zura wa taurari kimanin 150,000 ido, ta gano tagwaye masu husufi fiye da 2,000. Da wannan hanya ce kuma ta gano dubban duniyoyi masu kewaya wasu taurari, duk da cewa duniya mai girman tamu ba ta tare ko kashi 1 cikin 10,000 na hasken tauraro irin rana. A 2019 wasu masana ƙarƙashin Grzegorz Pietrzyński suka yi amfani da tagwaye masu husufi wajen auna nisan Babban Gajimaren Magellan, wani gungun taurari maƙwabcin namu, suka samu kimanin tafiyar haske ta shekara 162,000, da kuskure na kimanin kashi 1 cikin 100. A kan irin wannan awo ake ɗora lissafin saurin buɗewar sararin samaniya.

Ba duk tagwaye ke da gaggawar Algol ba. Gabas da shi, kusa da tauraro mai haske da ake kira Capella, akwai Epsilon Aurigae, wanda ke shiga husufi sau ɗaya a shekara 27, ya kuma shafe kusan shekara biyu a ciki, saboda abin da ke tare shi faifan ƙura ne mai girman gaske da ke kewaye da abokin zamansa. Na ƙarshe ya gudana daga 2009 zuwa 2011. Ana sa ran na gaba zai soma a 2036, kuma shi ma za a iya bin sa da ido daga Zariya, da takarda da agogo da taurarin kwatance.