An sauya inji, an bar salansa a hannun mai walda

Duk mai bin hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa lokacin kaka ya san kukan tsohuwar Fijo 504 akori-kura, ta sha buhunan masara har gindinta na neman taɓa kwalta. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya daɗe da daina fitar da ita. Injinan asali sun gaji, shi ya sa wasu masu motocin ke zuwa Ƙofar Ruwa su sayo injin Toyota ɗan Baljiyam a dasa musu. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ya ishe ni shi ne wulaƙancin da ake yi wa salansa bayan an gama.

Za a kashe kuɗi masu ciwo kan inji da giya, a yi kwanaki ana gyaran mazauninsu, amma da an zo kan bututun hayaƙi sai a tura motar gun mai walda da magariba. Shi kuwa maganarsa ɗaya ce: "Oga, a fasa tukunyar salansar nan, a sa ƙaton bututu, injin ya sha iska." Direba ya tayar, ya ji ƙara ta cika unguwa, ya ce lallai mota ta yi ƙarfi.

Ƙara daban, ƙarfi daban. Inji mai silinda huɗu bugu-bugu yake fitar da hayaƙi, kowace silinda da lokacinta. Idan faɗin bututu ya yi daidai, kowane bugu yana rugawa da gudu, ya bar gurbi a bayansa, gurbin ya janyo hayaƙin silindar da ke biye. Haka silinda ke wankewa ta karɓi sabon mai da iska. Manomin rani da ke shan ruwan Tiga ya san wannan: ruwa a matsattsiyar kwata gudu yake, ka faɗaɗa ta fiye da kima sai ya kwanta. Bututun da ya yi wa inji yawa yana kashe gudun hayaƙi, kuma a ƙaramin juyi ake jin asarar, wato daidai lokacin da mota ke hawan tudu da kaya a wajen Riruwai ko cikin dajin Falgore. Sai direba ya yi ta saukar da giya yana taka totur, mai na ƙonewa, yana zagin wanda ya sayar masa da inji.

Matsewa ma illa ce. Girman injin 504 cc 1971 ne, Toyota 4Y kuwa 2237. Ka haɗa babba da tsohon bututun ƙarami, wanda tsatsa ta riga ta cinye tukunyarsa daga ciki, sai inji ya riƙa zafi yana numfarfashi.

Ga kuma abin da ido ke gani. Injin Fijo a kishingiɗe yake, na Toyota a tsaye, saboda haka bakin manifol ba ya faɗowa inda tsohon ya faɗo. Maimakon a lanƙwasa bututu yadda ya kamata, sai a yayyanka guntaye a jona da kusurwa, a like da walda kamar faci. Leƙa ƙarƙashin irin wannan mota: za ka ga baƙin toka ya zana layi a kowace mahaɗa. Nan hayaƙi ke tsiyaya, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Ƙasan tsohuwar mota duk ɓula ne. Fasinja ya sauka da ciwon kai a ce yunwa ce, direba ya yi gyangyaɗi a kan sitiyari a ce gajiya. Haba jama'a, rayukan mutane ne fa kuka ɗauko!

Tun a Ƙofar Ruwa ake fara gyara. Kada ka karɓi inji sai da manifol ɗinsa da guntun bututun da ke biye da shi, domin wannan guntun ne ma'aunin faɗin da za a bi har baya. A haɗa shi da noti da sabon gaskit, kada a narke shi da walda, don gobe za a so kwancewa. A rataye bututun da robobi. Inji yana girgiza a kan mazauninsa, idan aka ɗaure salansa da ƙarfe ko waya a jikin mota, manifol ne zai tsage. A bar tazara tsakaninsa da tiyon birki da na fetur. A mayar da tukunya mai lafiya. Wutsiyar ta fito waje sosai, musamman a doguwar Fijo ta fasinja, inda ƙofar baya ke zuƙo hayaƙi ciki idan robarta ta mutu. Injin zamani kuma a bar masa na'urar da ke auna hayaƙi.

Kafin ka biya mai walda, a tayar da motar da sanyinta a fili, yaron gareji ya ɗan toshe wutsiyar da tsumma na 'yan daƙiƙoƙi. Duk mahaɗar da ta yi huci ko ta busa, a sake ta kana tsaye.