Yadda Baƙo Yake Samun Wurin Zama A Zauren Ma'abota Alƙalami

Maganar wannan fili a kan yaron da Allah ya hore wa alƙalami take, wanda ya rubuta waƙa ko labari amma bai san ƙofar da zai yi sallama ba. Irinsa ba su da wuyar samu a Katuru da Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda. Wani ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, wani ya bi boko har kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a Ƙaura a 1983, wata kuwa tana cikin gida da takardu cike da rubutu a ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa gani. Dukansu sun ji labarin akwai ƙungiyoyin marubuta a birane, kuma dukansu tsoro ɗaya ke hana su motsi, watau kada su je a yi musu dariya.

Falke ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya riga kowa sanin baƙunta. In ya kai kaya kasuwar da bai taɓa ci ba, ba ya kwance su a bakin ƙofa ya kama kiran masu saye. Mai masauki yake fara nema. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya haɗa shi da dillali, in ciniki ya faɗa ya tsaya masa lamuni. Baƙon kuwa yakan yi shiru yana duban yadda ake tayi da yadda ake sallamawa kafin ya sa baki. Duk wanda ya saba cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ya ga haka da idonsa. To, zauren marubuta ma haka yake. Ana shigarsa ta hannun wani, kuma ta kan aikin wani.

Magabata sun bar misalin wannan a cikin abin da ake kira tahamisi. Mai tahamisi yakan ɗauki waƙar wani mai ƙwar biyu, ya zo kan kowane baiti ya gabatar da ɗango uku nasa, sa'an nan ya kawo biyun mai waƙa, baiti ya koma ƙwar biyar. Sharuɗɗan kuwa masu tsanani ne. Lalle ne ɗangonsa uku su hau karin da mai waƙa ya hau, su ƙare da ƙafiyar da ɗangon farko na mai waƙa ya ƙare da ita, ma'anarsu kuma ta gangaro ta faɗa cikin maganar mai waƙa har a kasa ganin ɗinki. Ba ya da ikon rage harafi ɗaya daga asali, ba ya da ikon juya maganar zuwa inda ransa ke so. Wanda ya yi wannan aiki a kan baiti hamsin ya koyi kari da ƙafiya da ladabi gaba ɗaya, abin da shekara guda ta yabon abokai ba za ta koya masa ba. Ishiriniyar nan da ake rerawa a zaurukanmu, musamman cikin watan Mauludi, ba aikin mutum ɗaya ba ce. Asalinta na Alfazazi ne, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, tahamisin kuwa na Ibn Mahib ne. Da yawa daga masu rerawa ba su rarrabe inda wannan ya tsaya da inda wancan ya ɗauka, kuma iyakar yabon mai tahamisi ke nan.

Akwai misali mafi kusa da gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙar da aka sani da Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa a 1831. Ƙanenta Isa, autan Shehu, an haife shi ne a 1817, shekarar da mahaifinsa ya rasu, saboda haka bai zauna gabansa ya ɗauki ko harafi ɗaya ba. Ya buɗe ido ya tarar da zuriya cike da manyan masu alƙalami, ga baffansa Abdullahi na Gwandu, ga wansa Muhammadu Bello, ga yayarsa Asma'u. A wannan zaure shi ne baƙo, ko da yake ɗan gida ne. Da ya kawo ƙarfi shi ya yi wa waƙar tahamisi, ya kuma mayar da waɗansu waƙoƙin gidan zuwa Hausa. Har yau in an ambaci Isan Kware, wannan aiki na cikin abin da ake fara tunawa.

Ƙasa da tahamisi akwai kwafar littafi da hannu, wadda ita ce ƙofar almajiri na gari. Yakan ari littafin malam ya kwafa, ya sa hashiya a gefe kamar yadda ya ji a bakin malam, in ya kai ƙarshe ya rubuta sunansa, ya roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Ashe tun kafin ya wallafa kome ya riga ya saba da miƙa aikinsa ga mai gyara. Ko makaɗan fada, waɗanda ba layinsu ɗaya da malamai ba, wannan hanya suke bi. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya daɗe yana amshi a bayan wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiya, kuma ƙasar da ta haifi Narambaɗa a Tubali ba ta bukatar a gaya mata matsayin ɗan amshi.

Da boko ya shigo, ƙofar ta sake siffa amma ba ta sake hali ba. A 1933 Dokta East na Hukumar Fassara ta Zariya ya zaga garuruwa yana neman malamai su ƙago labari a sa gasa. Da yawa suka ja baya, domin a ganinsu ƙagaggen labari tatsuniya ce, ba aikin mai rawani ba. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani saurayi ɗan shekara 22 da ke koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Imam, wanda ya aika da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara kuma ya aika da Ganɗoki. Cin gasar bai sa ya ga ya isa ba. A 1936 ya tafi Zariya ya zauna watanni yana rubuta Magana Jari Ce, East yana dubawa suna gyara tare, alhali kuwa East ba a cikin Hausa aka haife shi ba. Daga nan ne ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939. Mutanen wannan yanki ba su yi nisa da wannan harka ba, tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura daga Zariya a 1929, sa'an nan cikin shekarun 1950 Lardin Sakkwato ya sami tasa jarida mai suna Zaruma.

Ƙungiya mai suna da shugabanni kuwa, a Kano aka fi ganin ƙarfinta. Cikin shekarun 1970 akwai ƙungiyoyi biyu na marubuta waƙa, Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu da Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin. A lura, Aƙilu mutumin Jega ne, baƙunta ce ta kai shi Kano, amma ya wayi gari shi ne uban zaure. Wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i kuma ba su waiwayar sabon marubuci, waɗansu matasa maza da mata suka haɗu suka kafa Raina Kama. Cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, da Balaraba Ramat Yakubu. Da kansu suke neman kuɗi su kai maɗaba'a, da kansu suke raba littattafai ga masu sayarwa. Wata dabara tasu ita ce abar dubawa. A cikin littafin kowane ɗan ƙungiya akan jera sunayen littattafan sauran 'yan'uwansa. Saboda haka wanda ya shigo jiya, da zarar an karɓe shi, sunan littafinsa zai bi bayan na manya ya shiga hannun masu karatun da ba su taɓa jin sa ba. Lamunin mai masauki ke nan, an mayar da shi kan takarda. Gaskiya ne malamai sun soki waɗansu littattafan soyayya na wancan zamani, kuma ba duk abin da aka buga ne ya cancanci tawadarsa ba. Amma sukar kaya daban take da sukar hanyar da aka bi aka kai su kasuwa.

Abin da zauren ke nema ga baƙo ba shi da yawa. Ya karanta abin da mutanen wurin suka rubuta kafin ya fito da nasa, domin babu abin da ke ƙona ran marubuci kamar wanda ya zo a karanta shi alhali bai karanta kowa ba. Ya fara da ɗan gajeren abu, shafi biyu ko baiti goma. In ana gyara masa ya riƙe alƙalami yana rubutawa, kada ya riƙe gardama. In an raba aiki ya karɓa, ko na duba kuskuren rubutun wani ne, ko na ɗauko tabarma. Shi ma akwai abin da ya kamata ya yi hattara da shi. Wanda ya nemi kuɗi kafin ya duba rubutu, dillalin banza ne. Wanda ya ce a ba shi kwafi ɗaya tilo ya tafi da shi, kada a ba shi. In magana ta kai ga ɗab'i da rabon riba, a rubuta yarjejeniya a sa shaidu, ko da da aminin juna ne. Malamai sun san aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, attajirai kuwa sun san yawan zumuncin da rashin rubutu ya kashe.

Akwai wani gyara da ɗan Katuru zai fara cin karo da shi, kuma a nan ne ake bukatar hankali. Daidaitacciyar Hausa a kan karin harshen Kano aka gina ta. Shi kuwa ya tashi yana cewa munka da sunka, yana cewa shina tahiya, yana kiran 'ya'ya ɗiya. Da ya karanta shafin farko za a sami mai murmushi, a ce masa wannan ba Hausa ba ce. To, gyara iri biyu ne. Akwai na ƙa'idar rubutu, watau raba kalmomi da haɗa su, da sa ƙugiya a kan harufan da ke da ita, da sanin inda zance ya tsaya. Wannan ya karɓa hannu biyu, domin ba a karanta wanda bai iya shi ba. Akwai kuma wanda ke nufin a cire Zamfara daga bakin Bazamfare, har tsohuwar Zurmi ta riƙa magana cikin labari kamar 'yar Fagge. Wannan ya yi godiya ya bar shi a inda ya ji shi. Hausar da Asma'u da Isa suka yi waƙa da ita ta yamma ce, kuma kalmomin noma da kiwo da fatauci da ke bakin tsofaffin wannan yanki, da yawansu ba su cikin littattafan da ake bugawa a birni. Su ne hajar da baƙon ya zo da ita.

Ba kalmomi kaɗai ya zo da su ba. Shekarun nan ƙasar Shinkafi da Zurmi ta ga abin da ba ta taɓa gani ba na tashin ƙauyuka da barin gonaki da tare hanyoyi. Masu ba da labari sukan faɗi adadi su wuce. Yadda uwa ta kwana da yara a makarantar da ta zama masauki, da yadda manomi ya biya kafin ya girbe gonarsa, wannan sai wanda ya zauna cikinsa. Kuma an ga alamar akwai masu saurare. Da sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata a 2016, labarin da ya zo na ɗaya, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake.

Amma nisa da hatsarin hanya sun sa matasa da yawa sun dogara ga waya wajen saduwa da 'yan'uwansu marubuta, ita kuwa waya ba a hannunsu linzaminta yake ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, aka yi makonni a haka. Wanda duk abokan rubutunsa ke nesa ya wayi gari ba mai karanta masa, ba mai gyara masa. Saboda haka ya kamata zauren farko ya zama wanda ake zuwa da ƙafa. Mutum uku sun isa. Su sami wani malami a unguwa wanda ya san kari da ƙafiya, su roƙe shi yini ɗaya a mako bayan La'asar, ɗaya ya karanta, ɗaya ya bi da yatsa yana ƙirga gaɓoɓi, na uku ya kwafe abin da aka gyara a takarda biyu, ɗaya ta shiga gafakar malam, ɗaya ta tafi da mai ita. Ranar da hanya ta yi kyau aka nufi Gusau ko Kano, wannan takarda da sunan malamin da ya duba ta su ne za a fara nunawa a bakin ƙofa.