Mai Jinya Ma Yana Bukatar Hutu

A gidaje da dama a Ƙofar Guga, idan kaka ta samu shanyewar ɓarin jiki, jinya kan faɗo kanmu ne, mu jikoki. Kafin mu fita makaranta mun dama koko, mun wanke zannuwa, mun ba ta maganin hawan jini. Ga juya ta duk bayan awa 2, kada bayanta ya yi gyambo.

Aikin lada ne, amma ƙannenmu na gyangyaɗi a aji, ga NECO ta ƙarato. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu roƙi iyaye a raba aikin, maza su ɗauki ɗiban ruwa da sayen magani. Mu sanar da malamin aji, mu samu barci. Idan mai jinya ya kwanta, wa zai ɗaga kaka?