Lambun Ƙofar Gamji A Bakin Kogin Kaduna

Duk wanda aiki ya kai shi Kaduna daga ƙasar Sakkwato, ko mutumin Jabo ne, ko na Tambuwal, ko na Kebbe, muna ba shi shawara kada ya komo gida bai leƙa Lambun Ƙofar Gamji ba, wanda ke bakin Kogin Kaduna. Hukuma ta raɗa masa sunan Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama Gwamnan Arewa a 1966.

Babban abin tarihi a cikinsa wata 'yar gadar ƙarfe ce, wadda Gwamna Lugga ya sa aka kafa a Zungeru cikin 1904, sa'ad da can ne hedkwatar Arewa. Bayan da hedkwata ta koma Kaduna, sai aka kwance gadar aka kawo ta nan. A 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa.

Har wa yau an sha ajiye jimina da kunkuru da kada a lambun. Kada kuwa shi ne asalin sunan garin, domin a da kadoji sun yawaita a kogin. Ga kuma inuwar itatuwa da iskar ruwa, inda ma'aikaci kan huta, yara su yi wasa ran Salla.

Amma fa lambu kamar gona yake. In aka yi sakaci, sai ciyawa ta rufe hanya, dabba ta rame, tsatsa ta ci gada. Saboda haka muna roƙon hukuma ta tsare wannan amana, malamai kuma su riƙa kai ɗalibansu, gama gani ya kori ji.