Kafin a Sayar da Gona Don Karatun Tuƙin Jirgi

Idan yaro ya ce yana son zama matuƙin jirgin sama, iyaye kan fara da tambayar kuɗin makaranta. Amma maganar lafiya ce ya kamata ta zo gaba. Ba mai tuƙa jirgin haya sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya (NCAA) ta amince da shi. Likitan zai auna zuciya da hawan jini da ji da gani, sannan ya buɗe wani ɗan littafi mai ɗigo-ɗigon launuka, ya ce a karanto lambar da ke ɓoye a ciki. Wanda idonsa ba ya bambance ja da kore ba zai ga lambar ba, alhali fitilun filin jirgi da launi suke ba da umarni. Sanya tabarau kuwa ba ya hana kowa, muddin yana gyara ganin. A yi wannan gwaji tun ba a taɓa dukiyar gida ba.

Makarantar ba nisa gare ta ba. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tana nan tun 1964, kuma ita ta yaye Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Nijeriya. Akwai wata kwalejin a Ilori, wasu kuma Afirka ta Kudu ko Amurka suke tafiya. Ko ina aka nufa, sai an ƙware a lissafi da fiziks da Turanci, domin da Turanci ake magana da masu ba jiragen sama hannu.

Aikin nan da awoyin tashi ake auna shi. Bisa ƙa'idar duniya, lasisin tuƙa ƙaramin jirgi don buƙatar kai yana neman awa 40 na tashi da cika shekara 17 da haihuwa. Na kasuwanci yana neman kimanin awa 200 da shekara 18, kuma ana haɗa shi da koyon tuƙi da na'urori zalla, irin wanda ake buƙata ranar da hazon hunturu ya rufe Kano. Kyaftin ɗin babban jirgi kuwa sai ya tara awa 1,500.

A nan ne lissafin mutane da yawa ke kwancewa. Lasisin kasuwanci ba ya ba mutum damar zama a kujerar Boeing 737. Kowane samfurin babban jirgi da nasa horon daban, a cikin na'urar kwaikwayo, inda malami zai kashe wa ɗalibi inji ɗaya daidai lokacin da jirgi ke barin ƙasa, ya zuba ido ya ga yadda zai yi. Galibi da dala ake biyan wannan horo, kuma kamfanoni sun fi son wanda ya zo da shi a hannu. Shi ya sa ake samun matasa da lasisi a aljihu suna zaune a gida, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Don haka kafin a biya ko sisi, a tambayi makaranta jirage nawa take da su masu tashi, malamai nawa, kuma wata nawa ɗaliban baya suka ɗauka kafin su gama. Wanda gwamnatin jiharsa ta ɗauki nauyinsa ya bincika ko tallafin ya haɗa da horon babban jirgi. Wanda ba shi da hali yana iya gwada hanyar sojan sama, ko ya koyar da ɗalibai yana tara awoyi. Kasafin da ya tsaya a ranar bikin yaye ɗalibai bai cika ba, sai an lissafa har da abin da zai kai yaro kujerar mataimakin kyaftin.