Mai Ilmin Kwamfuta da Neman Aiki a Ƙasar Ƙafin Maiyaki

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, wata sana'a ta tsiro wadda kakanni ba su san ta ba. A yau da wuya a sami babban gari a ƙasar Kiru, da Bebeji, da Tudun Wada, da Doguwa, wanda ba shi da saurayi ko budurwa da suka yi karatun kwamfuta. Waɗansu sun fito daga Jami'ar Bayero, waɗansu daga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, waɗansu kuwa a shagon wani gwani a kasuwar waya ta Farm Centre, cikin birnin Kano, suka koya. Da yawa sun gama bautar ƙasa sun komo gida, takarda tana cikin akwati, aiki bai samu ba. Domin su, da iyayen da suka ɗauki nauyin karatunsu, aka shirya wannan bayani.

Yadda yininsa yake

Manomi ya kan fara duban sama, mai neman aikin kwamfuta kuwa ya kan fara duban caji. Wutar lantarki ba ta zama a ƙauyuka, saboda haka tilas ya kai wayarsa da kwamfutarsa shagon mai janareto ko mai faifan hasken rana, ya biya a yi masa caji. Sa'an nan ya sayi data, ya nemi inda sabis yake da ƙarfi, ko da a gindin mangwaron bakin hanya ne, ya duba ko an amsa masa. Kowace takardar neman aiki da ya aika, kuɗi ta ci. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota zuwa Kano ya hau ƙwarai, kuma a watan Janairu na 2025 aka yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. In aka kira shi ganawa a birni, ga kuɗin mota, ga kwana a gidan dangi, watakila kuma a ce masa ya tafi za a neme shi.

Da damina yana gona tare da mahaifinsa, wajen masara ko shinkafa. Wannan ba abin kunya ba ne, daga nan aka biya kuɗin makarantar. Abin da ya fi nauyi shi ne tambayar da ake yi masa a majalisa da wurin biki, “Har yanzu shiru?” Maganar aure kuma tana jira.

Takardu, da masu sayar da aiki

Aikin gwamnati shi kowa ya fi so, amma guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. A watan Maris na 2014, da hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki jarrabawa, jama'a sun cika filayen wasa, har aka rasa rayuka cikin turmutsitsi a Abuja da waɗansu birane. Wanda zai nema ya nema, amma kada ya rataya dukan rayuwarsa a kan wannan ƙofa guda.

Lalle ne ya shirya takardunsa tun ba a yi shela ba. Aikin tarayya ana rarraba shi tsakanin jihohi, domin haka ana bukatar takardar shaidar ɗan asali daga ƙaramar hukumarsa. Akwai kuma wani abu ƙarami da ke kayar da mutane da yawa a wannan ƙasa, watau saɓanin suna. A takardar firamare an rubuta Muhammadu, a ta sakandare Mohammed, a lambar NIN kuma an ɗora sunan gari a ƙarshe, ranar haihuwa ma ba ɗaya ba. Magatakarda na da ya kan gane mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san uzuri ba. A gyara tun da wuri ta hannun hukumar katin ɗan ƙasa, da takardar rantsuwa ta kotu inda aka bukata.

Game da masu cewa a kawo kuɗi a sami gurbi, sai a yi hattara. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya yi bincike a kan cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, watau abin ba jita-jita ba ne. Amma wanda ya biya ba shi da rasit, ba shi da wurin kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba, kuma sau da yawa takardar ɗaukar aikin da za a miƙa masa ta jabu ce. Uban da ya sayar da gona ko shanun huɗa saboda wannan, ya kan wayi gari ba gona, ba aiki.

Aikin da ke ƙofar gida

Sana'ar kwamfuta ta bambanta da waɗansu a abu guda. Mai kamfani zai dubi takardar makaranta, amma abin da zai tambaya shi ne, “Me ka taɓa yi?” Saurayin da ya shekara uku yana jiran kira ba shi da amsa. Wanda ya shekara uku yana ƙananan ayyuka a garinsu kuwa yana da ita, har da shaidu.

Ayyukan nan suna nan, kuma ƙaruwa suke yi. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, kowace shekara ɗalibai suna bukatar mai koya musu taɓa na'ura kafin ranar jarrabawa, cibiyoyin kuma suna bukatar mai kula da na'urorinsu. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya tura masu saye da sayarwa a kasuwannin ƙauye zuwa ga masu POS da tura kuɗi ta waya, waɗansu kuwa ba su koma tsohuwar hanya ba. A zaɓen shekarar nan hukumar zaɓe ta ɗauki ma'aikatan wucin gadi domin na'urar tantance masu zaɓe.

Waɗannan na lokaci-lokaci ne. Na kullum ya fi su muhimmanci. Alal misali, dillalin hatsi a Tudun Wada yana da bashi a hannun mutum hamsin, duk a littafi guda wanda ruwa ko gara za su iya cinyewa a dare ɗaya. Mai makarantar kuɗi yana kwana uku yana tara makin yara da hannu. Mai kantin magani bai san abin da ya ƙare a kanta ba sai mai saye ya tambaya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 a ƙasar Bebeji, ta raya noman rani a kudancin Kano, tsadar mai kuma ta sa manoma suna komawa ga injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda yake bukatar mai haɗawa da mai gyara. Ba ɗaya daga cikin mutanen nan da zai buga talla yana neman ma'aikaci. Sai an je an same shi, an nuna masa a kan lissafinsa na mako guda, ya gani da idonsa.

Akwai sharuɗɗa biyu. Na farko, a yanka lada kafin a fara, domin ɗan gida aikinsa ya kan ƙare a “Allah ya yi albarka.” Addu'a abin so ce, amma ba ta sayen data. Na biyu, in aka gama, a roƙi hedimasta ko ɗan kasuwan ya rubuta shaida, da kwanan wata da sa hannu, a ɗauki hoton aikin a ajiye. Mai rubuta manhaja kuma ya ɗora abin da ya rubuta a GitHub, inda mai ɗaukar aiki daga Legas ko Ingila zai iya gani. 'Yan mata suna da rabo babba a nan, gama matan aure sun fi sakewa da mace wajen buɗe asusu ko koyon waya, kuma ita ce ke iya shiga cikin gida.

Aiki daga nesa ta intanet gaskiya ne, ana yi, amma yana son wuta tsayayya, da sabis mai ƙarfi, da Turanci mai kyau, kuma ba a fara samu cikin wata guda. Mai son ƙarin ilmi ya riƙa sauraron shelar hukuma. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan uku, ba a kuwa biyan kuɗin nema.

Amana

Mai wannan sana'a a ƙauye ya kan riƙe asirin jama'a. Tsoho zai miƙa masa katin banki har da lambar sirri, gwauruwa za ta ba shi lambar BVN domin neman tallafi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 sun tanadi hukunci ga wanda ya ci wannan amana, kuma a gari kamar Ƙafin Maiyaki labari ya kan zaga kasuwa kafin 'yan sanda su iso. Ya kamata ya ƙi karɓar lambar sirri ko da an ba shi, ya juya wa mai ita na'urar ya danna da kansa, sa'an nan ya goge hotunan takardun mutane daga wayarsa da zarar aiki ya ƙare.

Iyayen da ke da ɗan abin hannu kuma suna son taimako, kwamfuta ta hannu ko da tsohuwa ce, da faifan hasken rana guda, da batir, su ne jarin wannan sana'a. A saya a wurin da za a ba da rasit, a tafi da wanda ya san kaya ya gwada batirin kafin a biya.